Rawanin Ƙaro na Abarci

Tun Dakoro tana rijiya ɗaya da 'yan gidajen da ba su kai talatin ba, zamanin da ayarin Azbin ke saukowa bayan kaka da gishiri da dabino ya koma da gero, aka yi wani mutum wai shi Abarci. Allah ya ba shi tsawo, ya ba shi gemu baƙi wuluk har ƙirji, sannan ya ba shi baki. Kai, bakin nan! In Abarci ya kama zance da hantsi, sai kiran azahar ke ceton jama'a.

Sau ɗaya ya taɓa bin ayari arewa yana jan akala. Kwana biyu aka yi, ciwon ciki ya juyo da shi gida, amma tun daga ran nan ba ya buɗe baki bai ce "mu da muka ga Azbin" ba. Ya kuma naɗa kansa masanin yayi. Shi zai gaya maka wandon da aka daina sawa da takalmin da za a fara, alhali nasa takalmin da igiyar kaba ya ɗaure shi.

Wata rana mai gari Arzika ya tara magidanta a gindin aduwa ya ce, "To, kun dai san tsoho Isufu mai saukad da ayari ya riga mu gidan gaskiya, ayari kuwa ba shi da mai masauki. Madugu Alhusaini ya aiko, nan da kwana huɗu suna bakin rijiya, shi zai duba da idonshi shi zaɓa. Kun san al'ada. Ƙohwar da amalenshi, babban raƙumin nan nashi, ya durƙusa aka kwance kaya, nan ne masauki kowace shekara."

Masaukin ayari ba abin wasa ba ne. Mai masauki na da kantun gishiri nasa, da dabino, da ɗan rabo cikin kowane damin gero da aka musanya a ƙofarsa. Abarci kuwa ya fi kowa bukata, don a bana tsuntsaye sun cinye masa rabin gona yana can bakin hanya yana bayyana wa matafiya yadda ake korar tsuntsu a Azbin. Matarsa Aisata ta leƙa rumbu ta gaya masa a fili, abin da ke ciki ba zai kai su damina ba.

Mutum biyu suka nuna suna so: Abarci, da taubashinsa Mamani mai tufkar igiya, ɗan gajere mai yawan murmushi, wanda tun suna yara yake ja wa Abarci rai.

Abarci ya miƙe ya shafa gemu. "Mai gari, ranka shi daɗe, a daina wahalad da Mamani. Baƙo ba ya sauka sai inda ya ga an waye. Madugu zai zo shi iske ku da hulunan kakanninku, shi ce waɗannan ba su san yayi ba."

Mamani ya ce, "To malamin yayi, shi yayin nan mene ne? Ci ake yi ko sha?"

"Ka ji jahilci! Yayi abu ne mai gangara, kamar ruwan hwadama, yana da gabar da yake dosa. Daga arewa yake tasowa shi nuhi kudu. Mutanen bayan teku su ƙirƙiro, Larabawa su ara, Azbinawa su ara wurin Larabawa, sannan shi iso wurina, ni kuma in sammuku. Ko maganar da ke bakinku aro ce. Raƙumi, takobi, ayari, duk daga bakin Azbinawa kuka tsinto su."

"Ita kalmar yayi hwa? Wa ya ara muna ita?"

"Ita ma tasu ce. Can bayan teku suna da wata gajera da suke kiranta da ita, kamar mutum ya yi tari. Na iya ta, amma in na hwaɗa harshenka zai karye wurin kwaikwayo."

Mamani ya ce, "Ikon Allah. Kakata kuwa ta mutu tana zancen yayin munduwa, ko ƙauyen Rumbu da ke nan kusa ba ta taɓa zuwa ba."

Aka kwashe da dariya. Abarci ya kaɗa riga ya ce su jira kwana huɗu, za su ga abin da zai sa madugu ya sauko daga raƙumi da gudu.

Ga dabarar gogan naka. Ya taɓa ganin manyan Azbinawa da rawanin turkudi, baƙin yadin nan mai ƙyalli da ke rina fuskar mai shi, sun ja amawali sun rufe baki, ido kaɗai ake gani. Ya ce in madugu ya iske shi haka, zai ɗauka ɗan'uwansa ne. Sai dai turkudi kayan masu garke ne, Abarci kuwa akuya ɗaya gare shi, ita ma gurguwa. Don haka ya shiga ɗaki ya ɗauko farin zanen Aisata na zuwa suna, ya tsaga shi gida uku a tsaye, ya ɗinke tsawo da tsawo. Ya kuma kwashe shunin da take shafa wa kitso.

Aisata ta dawo daga rijiya ta sauke tulu, ta dubi zane, ta dubi miji. "Maigida, me zanena ya yi maka?"

"Girma ya samu. Daga ƙugu ya koma kai."

"Kai kuma daga ina ka koma ina?"

Ya ce ta bari kawai, in gishiri ya cika mata ɗaki za ta sayi zane goma. Ta ce ita dai geron da za su ci take so, zane ta yafe.

Ya rina yadin, ya bushe, sai ya fito wani toka-toka kamar an share murhu da shi, babu ƙyalli ko kaɗan. Abarci ya jujjuya shi, ya ce ai ƙyalli maiƙo ne. Ya lakato man shanu ya mulke yadin, ya naɗa, ya fita zaga gari da rana tsaka don a fara sabawa. Kafin ya kai bakin rijiya mai ya narke, shuni ya biyo shi, ya gangaro ta goshi ya bi hanci yana ɗiga a gemu. Ƙudajen garin duka suka yi masa rakiya, karen maƙwabta na biye yana lasar ƙasa.

Wata tsohuwa a bakin rijiya ta dafa guga ta ce, "Abarci, wa ta yi maka kitso ba ta gama ba?"

Ya ce, "Iya, wannan ba na mata ba ne, yayi ne."

"To Allah shi sauwaƙe. Ka gwada sabara, an ce tana maganinshi."

Kwana biyu ya yi a gida yana wanke kai da toka yana tunani. Ran na uku da yamma ya daka tsalle ya ce ya gano. Kuskuren mai ne, don mai ba ya bushewa. Abin da ke bushewa ya yi ƙyalli ya kuma tsaya kyam, ai ƙaro ne, ƙaron dakwara, irin wanda malamai ke zuba wa tawada ta riƙa walƙiya a allo. Aisata na da shi cike da ƙwarya guda, wanda ta tsinto da rani. Ya jiƙa shi duka.

Ran da ayari zai iso, tun da sassafe ya ɗora tukunya ya dama ƙaro da sauran shuni har ya yi kauri kamar kunu. Aisata ta ce, "Ko ka bari shi bushe a igiya tukuna?"

"Ke, me kika sani? In ya bushe a igiya kamannin igiya zai ɗauka. A kai ake busad da shi shi ɗauki kamannin kai."

Ya tsoma yadin ya tsamo shi yana ɗiga, ya naɗa da ɗuminsa, ya zagaya ya zagaya, ya jawo amawali ya danne shi sosai a kan gashin baki da leɓe da gemu, ya bar hanci da ido. Sannan ya fita ya tsaya a rana ya harɗe hannu, ya ƙudura ba zai ce uffan ba sai jama'a sun taru, don maganar farko ta fito da nauyi.

In za a faɗi gaskiya, abin ya yi kyau. Da rana ta buge shi rawanin ya ɗauki wani ƙyalli baƙi mai ja-ja, har mata na leƙe ta kan danga. Mamani da kansa ya zo ya zagaya shi sau biyu. Abarci ya ji daɗi har cikin ƙashinsa. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu, ya ja numfashi zai fara bayani.

"Mmm," in ji shi.

Ya sake gwadawa. "Mmm! Mmmm!"

Ƙaro ya kama. Gashin baki ya haɗe da gemu, yadi ya haɗe da su duka, leɓe na tsakiya a kulle. Ya kai hannu ya ɗan ja, ya ji kamar za a cire masa haɓa, hawaye suka cika masa ido. Wuyan ma ya ƙi juyawa, in zai dubi gefe sai ya juya gaba ɗaya. Ya ruga gida ya tsaya gaban Aisata yana nuna baki yana buga ƙafa.

Ta ce, "Me? Ruwa? Hura? Kunama ce?" Ta ƙwanƙwasa amawalin da yatsa, ya yi ƙara kamar busasshiyar ƙwarya. Sai ta zauna a ƙasa ta yi dariya har ta riƙe ciki. Da ta samu kanta ta ɗora ruwan zafi, amma ruwa bai ko yi ɗumi ba aka ji guɗa daga bakin rijiya, ayari ya iso. Mai gari ya aiko a ce wa Abarci in bai zo yanzu ba an ba Mamani.

Haka ya tafi, a sandare. Aisata ta ɗauki ƙwaryar furar baƙi ta bi bayansa.

Madugu Alhusaini tsoho ne siriri, rawaninsa fari ne ya sha hanya, yana zaune a tabarma kusa da mai gari. Hausa a bakinsa kamar a Maraɗi aka haife shi. Bayan an gaisa Arzika ya nuna mutum biyun. Mamani ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya faɗi faɗin garkarsa, wato filin ƙofar gidansa, da yawan inuwarta, ya ce igiya kuwa ko ta raƙumi ɗari ce a wuyansa. Madugu ya gyaɗa kai, ya juya ga dogon da ke tsaye yana walƙiya.

"Kai hwa, bawan Allah? Me gare ka?"

Abarci yana da jawabin da ya kwana uku yana shiryawa. Yana jin sa yana tafasa a maƙogwaro. Abin da ya fito shi ne, "Mm."

Madugu ya ɗaga gira. "Garkarka za ta ɗauke mu?"

"Mm."

"Wane labari ke gari bana?"

Nan fa! A tambayi Abarci labarin gari! Ya san wanda ya saki matarsa a Mai Yara, ya san wanda jakinsa ya faɗa rijiya a Sabon Maci. Idanunsa suka firfito, gumi ya keto masa, ya buɗe tafin hannu biyu sama don neman agaji. Madugu ya ɗauka cewa yake yi sai alheri.

Aka zagayo da fura. Da ƙwarya ta iso gabansa ya dube ta, ƙishi kamar zai kashe shi, ya tura ta gaba. Madugu ya dubi mutanensa ya ce, "Kun gani? Ba ya buɗe baki shi sha a gaban manya. Ko a cikin samarinmu wannan kunyar ta yi ƙaranci."

Ana cikin haka amalen madugu, babban raƙumin da ke jan gaba, ya jiyo ƙanshin dakwara. Ya miƙo wuya ta bayan Abarci ya shinshina rawani, ya fara lasa. Tsoro ya kama gogan, yana so ya waiga wuya ya ƙi, yana so ya yi ihu babu hanya. Ya tsaya ƙiƙam raƙumi na lasar ƙeyarsa.

Madugu ya ce, "Allahu akbar. Raƙumin nan ya ciji mutum uku a hanya. Dubi yadda ya ba shi kai, shi kuma ko gezau."

Jama'ar Dakoro suka rasa inda za su sa kansu. Wani ya cusa hula a baki, wani ya tashi ya tafi bayan aduwa wai tari ya sarƙe shi. Mai gari ya kafa ido a ƙasa, kafaɗunsa na rawa.

Sai madugu ya gyara zama, murya ta sauka. "Mai gari, bari in hwaɗa maka abin da nike nema. Inuwa da igiya ko'ina akwai su. Hanya ce ta lalace. Bara mahara sun tare wani ayari a arewa da nan, don wani mai surutu ya baza ranar tashinsu da rijiyar da za su kwana. Ni mai masaukin da nike so, wanda zai ga kayana shi ji ranar tashina, maganar ta mutu a cikinshi. Shekara talatin ina bin hanyar nan ban ga mai riƙe baki kamar wannan ba. A ja amale zuwa ƙohwarshi."

Murna ta kama Aisata. Ta matso kamar za ta ɗauki ƙwarya, ta yi ƙasa da murya ta ce, "Maigida, don girman Allah, haka nan. Kada ka taɓa shi. Ruwan zahin ma na sauke."

Daga aduwa zuwa ƙofar Abarci taku ne da bai fi sittin ba. Aka kama hanya, madugu da Abarci a gaba, amale a baya, gari duka na biye. Abin da ya rage kawai raƙumi ya durƙusa a kwance igiya ɗaya.

Mamani ya ga masauki na tafiya ya bar shi. Ya san taubashinsa ciki da bai, ya kuma san inda ake taɓa shi. Ya matso kusa da madugu yana murmushi ya ce, "Madugu, ka dai yaba da rawanin nan ko?"

"Ban taɓa ganin irinshi ba. Ƙyallin ya hi na turkudi. Aikin ina ne?"

"Ai ni na ƙirƙiro shi," in ji Mamani, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Sabon yayi ne na hito da shi bana. Shi wannan a wurina ya gani ya ara. Bawan Allah ne, bai san komi ba a harkar yayi, ko Azbin bai san inda ta dosa ba. Ni ke nuna mishi."

Abarci ya tsaya cak.

Aisata ta ce, "Maigida, tahi! Ga ƙohwa nan!"

Ya yi taku biyu. Mamani ya ƙara da cewa, "Har suna na sa mishi. Naɗin Mamani. Haka za a riƙa kiranshi daga nan har Katsina."

Saura taku goma. Mai jan akala ya riga ya fara yi wa raƙumi sautin durƙusawa. Abarci ya dubi ƙofarsa, ya dubi rumbunsa da ke leƙowa ta kan danga, ya dubi Aisata da ta haɗa hannu biyu tana roƙo. Wallahi ya yi ƙoƙari, a ba shi wannan. Sai wata mata a baya ta ce wa 'yar'uwarta, "Ashe naɗin Mamani ne."

Ya sa hannu biyu ya kama amawali ya fizge.

Ƙarar da aka ji kamar an yage sabuwar tabarma. Rabin gemu ya tafi da yadi, gashin baki na hagu ya bi shi. Abarci ya kurma ihun da ya sa raƙuma uku suka zabura, kuma ihun bai gama sauka ba magana ta biyo.

"Ƙarya yake yi! Ƙarya, madugu! Ni na ƙirƙiro shi, da zanen matata da ƙaron dakwara, ga tukunyar can a murhu ba a wanke ba! Wannan gajeren ya san yayi? Tambayi kowa, babu abin da ke shiga garin nan shi bazu sai ta bakina! Ni nan da ka gani, abu bai taɓa shiga kunnena ya kwana ba! Ka sauka gidana ka ga aiki, kahin gobe war haka Mai Yara da Sabon Maci da Rumbu duk sun san kantu nawa ka kawo, raƙumi nawa gare ka, ranar da za ka tashi da hanyar da za ka bi! Har waɗanda ba su tambaya ba sai na bi su gida na hwaɗa musu! Mu da muka ga Azbin..."

Ya ci gaba. Duk maganar da ta taru tun safe sai da ta fito, har da labarin jakin Sabon Maci. Madugu na tsaye yana kallon haɓar da rabinta gashi rabinta jini da shuni. Bai katse shi ba. Da Abarci ya tsaya jan numfashi, tsohon ya juya ga mai jan akala ya ce a hankali, "Ta da shi."

Amale ya riga ya kai gwiwa ɗaya ƙasa. Aka ja akala ya miƙe yana gunaguni.

Madugu ya ce, "Kai gajere, ka yi ƙarya a gabana, na gani. Amma ka san abin da ke cikin bakin ɗan'uwanka ka nuna mini shi kahin in kwance kaya. Ina garkar taka?"

Ayari ya juya, gari ya juya tare da shi. Dariyar da aka danne tun hantsi ta ɓalle, har mai gari sai da aka riƙe shi. Mamani ya waiwayo ya ce, "Taubashi, in an kwance ka zo ka ɗauki dabino ɗaya, na ladan aro!"

Aka bar Abarci a ƙofar gida da rabin gemu a hannu. Ya buɗe baki zai ce wani abu, ya ga babu mai saurare sai akuyarsa.

Aisata ba ta yi masa faɗa ba, abin ya wuce faɗa. Ta zaunar da shi, ta mai da ruwa wuta, ta jiƙa sauran rawanin tana ɓamɓarowa a hankali yana cije haƙori. Daga can suna jin ana sauke kantu a garkar Mamani. Ta ce gobe za ta je ta roƙi aikin surfe wurin matar Mamani, ko a samu abin da za a ƙara a rumbu. Wannan maganar ta fi cire gemun yi masa zafi.

Da ta gama ta ɗauko tukunyar ƙaro. Ya ɗauka wankewa za ta yi, sai ya ga ta kankare sauran tas, ta zuba a ƙaramar ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ɗaure da tsumma, ta rataya can sama inda hannun akuya da na miji ba sa kaiwa.

Ya ce, "Ke kuma ajiyar me kike yi da wannan masihwa? Zubad da shi!"

Ta ce, "A'a, maigida. Baɗi ma ayari zai zo, gemunka kuwa kahin nan ya tsiro."